Wat Biyar

A Jekadafari, bayan masu walda,
akwai shagon da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta.
Nan Baffa Gidado ya shekara talatin yana jinyar rediyo.
Shi ya haɗa min amfilifayar:
akwatin maɗaci, jaka ta fi shi girma,
sifika ɗaya mai faɗin faifai,
kwalabe uku tsaye a baya
kamar fitilun ƙwai da aka rage wa lagwani.

Na ce, Baffa, wat nawa?
Ya ɗaga yatsu biyar.
Na ce, ai lasifikar mai maganin basir ta fi ta baki.
Ya ce, jona jitarka, ka rage surutu.

Ba ta amsa sallama nan take.
Sai ka kunna, ka zauna,
zaman mai jiran shayi ya nuna,
har ja ya taso a cikin gilashi,
ƙurar kanta ta soma ƙamshin dutsen guga,
sannan wani ɗan gurnani can ƙasa
na kyanwar da ta ƙoshi.

Na taɓa tsirkiya a hankali.
Sauti ya zubo garau,
man shanu da aka narkar yanzu.
Na murɗa zuwa huɗu, murya ta yi jiki.
Na kai shida, gefenta ya soma babbakewa,
ƙanzon gindin tukunya
da yara ke kokawa a kai.
A takwas ta dishe,
dishewar dillalin shanu da la'asar,
amma ko a nan
in na sassauta yatsa sai ta yi laushi,
in na danna sai ta ciza.

Kuma ba ta rufa asiri.
Yatsan da ya zame, farcen da ya karci waya,
duk sai ta faɗa wa ɗaki.
Wata biyu ina jin haushinta
kafin na gane da wa nake fushi.

Sau ɗaya na kai ta biki a Pantami.
Janareta na ruri, ganguna uku,
sifikun haya masu tsayin mutum.
Ta buɗe baki iya ƙarfinta,
ni da ke gabanta ma ban ji ta ba.
Na dawo da ita a cinya cikin keke,
har gida ba mu kalli juna ba.

Washegari na ce, Baffa, ƙara mata ƙarfi.
Bai ɗago daga dalmar da yake narkarwa ba.
Ya ce, gurmi ka taɓa gani a fagen dambe?
Mai son ji zai matso.

Bara kunnensa ya yi nauyi.
Da na kai ta dubawa
sai ya shimfiɗa tafin hannu a kan katakon,
ya ce, kaɗa.
Ya lumshe ido. Na kaɗa. Ya ce, sake.
Can ya ce, ta tsakiya ta gaji.
Ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci,
cikin auduga kwalba guda,
daga rediyon wani tsohon ma'aikacin reluwe.
Ya goge ta da hularsa.
Ya ce, daga wannan babu.

Yanzu sai dare,
in an kawo wuta wajen sha ɗaya.
Ina ajiye ta a uku, saboda maƙwabta.
Ran nan Goggo Dudu ta aiko jikanta,
gabana ya faɗi,
ashe cewa ta yi a riƙa barin taga a buɗe.

In na kashe, jan ba ya tafiya lokaci guda.
Yana ja da baya, yana ja da baya,
gilashi na ɗan ƙas, ƙas, yana hucewa.
Nakan sa hannu inda Baffa ya sa nasa.
Da sauran ɗumi.